Layi Uku a Ƙasan Fom

Shekara shida da wata tara na yi ina bin digirin digirgir, an wulaƙanta ni iri-iri, amma ban taɓa jin ina son in zube a ƙasa in yi birgima a ofishin mutane ba sai ranar Litinin ɗin nan.

Ina tsaye gaban teburin Sakatariyar sashenmu, Sashen Harsunan Zamani, rungume da kwafi huɗu na kundina, kowanne ya kai nauyin bulo. Fankar sama tana ta kukanta na kullum. Sakatariya ta gama buga abin da take bugawa, ta cire tabarau ta goge, sannan ta ga dama ta dube ni.

"Ke dai da sa'a kika zo duniya," ta ce. "Tsohon Dakta ya ajiye aiki ya koma wajen 'ya'yansa. Ko sallama bai yi mana ba."

Tsohon Dakta shi aka naɗa mai jarrabawata na cikin gida. Ranar da ɗalibi zai kare kundinsa, mutum biyu ke yanke masa hukunci, ɗaya daga wata jami'a, ɗaya daga cikin sashensu. Ni kuma da neman rigimata, da Jamusanci na rubuta nawa, a kan yadda ma'aikatan jinya suke koyon harshen a ajin yamma bayan sun tashi daga aiki. Mata arba'in da biyu na bi da rakoda har shekara uku, wasu suka haihu, wasu suka bar garin, ɗaya ta rasu. Duk faɗin sashenmu kuwa mutum uku ne ke karanta Jamusanci. Akwai Farfesa mai duba aikina, wanda doka ta hana ya jarraba ni. Akwai tsohon Dakta. Na ukun kuwa ko a zuci ban so in ambace shi ba.

"To ina sa'ar take, Anti?" na ce.

"Ai an maye gurbinsa tun Juma'ar da ta wuce, majalisar jami'a ma ta amince. Malam Agogo aka sa."

Kwafi ɗaya ya suɓuce ya faɗo min a kan yatsan ƙafa. Wallahi ban ji zafinsa ba sai da na je gida.

Ɗalibai ne suka sa masa Agogo, saboda ƙarfe takwas na bugawa yake rufe ƙofar aji, ko ɗan Shugaban Sashe ne ya makara sai dai ya saurari darasi ta taga. Abin da ɗaliban ba su sani ba, abin da Sakatariya da Farfesa da kowa a sashen ba su sani ba, shi ne shekara uku ke nan Agogo yana zuwa gidanmu duk Asabar ƙarfe huɗu da rabi. Ni na roƙe shi mu rufa wa maganar asiri har in gama, don kada a ce malamin sashe ne ya rubuta min kundi.

"Ba ki yi murna ba?" Sakatariya ta ce. "Wannan ai ba ya ajiye aikin mutum a aljihun tebur ya manta. Fom kawai zai sa wa hannu kafin ƙarfe goma sha biyun ranar Juma'a, sai a sa miki rana. Na riga na jefa masa a akwatinsa."

Akwai irin fom ɗin zube a gefen teburinta. Na ɗauki ɗaya kamar mai neman abin fifita. Can ƙasa, sama da wurin sa hannu, layi uku ne jere:

Ɗalibar nan ba 'yar'uwata ba ce.

Ba matata ba ce, kuma babu maganar aure tsakanina da ita.

Babu wani abu tsakaninmu da zai hana ni yi mata adalci.

Na ɗago na dube ta. "Anti, idan mutum ya ƙi sa hannu fa?"

"Sai a nemo wani daga wata jami'ar, a jira majalisa ta sake zama ta amince da shi. Zamansu na gaba sai nan da wata huɗu." Ta mai da tabarau ta leƙa fayil ɗina. "Ke kuma wata uku ya rage miki. Shekara bakwai na cika za a cire sunanki, kin san an riga an yi miki ƙari sau biyu. Me ya kawo wannan tambayar?"

"Babu komai," na ce. Na tattara bulullukana na fita.

*

Tun daga bakin ƙofa na ga takalman Gwaggo, yayar Babanmu, na san yau sai ta Allah.

Tana zaune a kujerar da ta fi kowace girma a falo, ta miƙe ƙafa. A kan tebur ga wata leda cike da kwalaben maganin ƙarin jini da na tari. Ban tambayi daga ina ba. Mai kemis ɗin bakin titinmu, ɗan ƙanin mijin Gwaggo, haka yake nasa zawarcin. Wasu turare suke kawowa, shi bitamin.

"A'a, ga Dakta Saura-Kaɗan," Gwaggo ta ce. "Yau saura nawa?"

"Sannu da zuwa, Gwaggo. Ina yini?"

"Lafiya lau. Tun ina da haƙoran gabana nake jin saura kaɗan. Zauna, ubanki yana da magana."

Baba ya ninke jaridarsa gida huɗu ya ajiye. Shekara talatin da biyar ya yi yana aiki a gidan waya, kuma har yau idan zai yi magana sai ka ce hatimi yake bugawa, sau ɗaya tak. Umma tana tsaye a ƙofar kicin da tsumma a hannu, ta ƙi yarda mu haɗa ido.

"Ba zan yi miki dole ba," Baba ya ce. "Ban yi miki kina da shekara ashirin ba, ba zan fara kina da talatin da huɗu ba. Amma gidana ba tashar mota ba ce. Shekara uku yaron nan yana shigowa yana fita, ban ga wansa ba, ban ga kawunsa ba."

"Baba, ni ce na ce ya dakata."

"Na sani. Shi ya sa nake gaya miki ke, ba shi ba. Mutanen mai kemis sun zo sau biyu, ina ba su haƙuri kamar ni na yi musu laifi. Ranar Lahadi mai zuwa, ko manyansa su zo mu yi magana, ko shi ya daina zuwa. Daga nan kuma ki yi shawara da kanki."

Na sauko daga kujera na durƙusa. Na kwashe komai na gaya masa, tsohon Dakta, da fom, da layi ukun, da wata ukun da ya rage min. Na ce idan manyansa suka zo Lahadi, kafin Litinin magana ta zagaye jami'a, tunda 'yar Gwaggo a ɗakin karatun jami'ar take aiki, kuma duk wanda ya san ta ya san bakinta ba ya da murfi.

"Ki bar 'yata ta huta," Gwaggo ta ce. "Ita dai tana ɗakin mijinta da 'ya'ya huɗu, ba ta da Jamusanci amma tana barci da daddare."

"Wata uku kawai nake roƙo, Baba. Ya sa hannu, in kare kundina, washegari su zo."

Baba ya gyara zama ya dube ni.

"Wato ya sa hannu cewa babu maganar aure, alhali akwai. Ni kuma in taya ku rufe ƙofa har ku gama."

"Ba haka ba ne, Baba."

"To yaya ne? Ni kam haka kunnena ya ji. Duk abin da sai an ɓoye shi, cire sunana daga ciki. Lahadi na ce."

Ya ɗauki jaridarsa. Gwaggo ta tura min ledar magani da ƙafa, wai in sha na ƙarin jinin, karatu ya tsotse ni. Da ba yayar ubana ba ce, da na san inda zan zuba mata shi.

*

Ranar Talata na yi ta kiransa, yana aji. Sai Laraba da azahar na same shi a ofis.

Ofishinsa ɗan tsukuku ne a ƙarshen baranda, tebur ɗaya, kujera biyu, kantar littattafai da ya jera su bisa haruffa, da butar shayi a kan taga. Kwafin kundina da sashe ya aika masa yana gabansa, ko bangon bai buɗe ba. Fom ɗin yana kai, ya danne shi da abin huda takarda.

Na turo ƙofa zan rufe, ya ce in bar ta a buɗe.

"Ka gani?" na ce.

"Na gani tun Litinin."

"Shi ne ko ka neme ni?"

"Ina neman abin da zan gaya miki ne, ban samu ba." Idanunsa sun yi ja, da gani bai yi barcin kirki ba. "Na je wajen Shugaban Sashe na tambaya ko za a iya kiran zaman gaggawa na majalisa. Ya yi min dariya. Na duba dokar ƙarin wa'adi shafi-shafi, babu ƙari na uku. Na buga wa tsohon Dakta waya, 'yarsa ta ce ko jarida ba ya iya karantawa yanzu."

"To shi ke nan, sai ka sa hannu."

"Ba zan iya ba."

Na san zai faɗi haka, amma duk da haka sai da na ji kamar an watsa min ruwan zafi. Na ja kujera na zauna, na gaya masa wa'adin da Baba ya ba mu. Na ce Baba ba matsala ba ne, zan sa Umma ta yi ta lallashinsa har ya sauko, shi dai ya yi nasa.

"Kuma idan ka duba da kyau ma, ba ƙarya ba ce," na ce. "Manyanka ba su zo ba. Ba a yi magana tsakanin iyaye ba. A hukumance babu wata maganar aure."

Ya yi wani murmushi da ya fi kuka ciwo.

"Shekara uku me nake zuwa yi gidanku duk Asabar? Duba lafiyar kujerun falo?"

"Malam, ba wasa ya kawo ni ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Kin san mutum nawa na kayar a zangon da ya wuce saboda sun saci amsa? Goma sha ɗaya. Wata yarinya ta durƙusa a nan, daidai inda ƙafarki take, tana kuka uwarta ba ta da lafiya, ban ɗaga mata ba. Da wane ido zan dube su?"

"Su wa za su sani?"

"Ni."

"To ka jarraba ni da gaske mana. Wa ya ce ka yi min sassauci? Ka yi min tambayoyin da suka fi na kowa zafi, ka tsefe kundin nan layi-layi. Idan bai cancanta ba ka kayar da ni, wallahi ba zan riƙe ka ba. Ni dai a bar ni in shiga ɗakin nan in tsaya a gaban mutane."

"Ranar da muka yi aure fa? Kowa zai lissafa watanni. Za a ce mijinta ne ya ba ta. Abin da kika ɓoye mu shekara uku don gudunsa, shi za ki saya da hannunki. Ana iya ƙwace digirin ma, ni a kore ni."

"Sai mu jinkirta auren."

"Kuma?" ya ce a hankali. "Har yaushe?"

Na kau da kai. Ya matso da kujerarsa, ya sassauta murya.

"Saurare ni. Bari in rubuta musu gaskiya. Ranar Lahadi yayana da kawuna su je wajen Baba. Idan an cire sunanki, ki sake rajista. Bayananki suna nan, rakodinki suna nan, babu wanda zai ƙwace miki su. Shekara uku, ko biyu da rabi, kin gama. Ina tare da ke."

Nan ne hawayen da nake riƙewa tun Litinin suka ɓalle.

"Shekara uku," na ce. "Da sauƙi a bakinka. Kai a waje ka yi naka, shekara huɗu cif aka miƙa maka ka dawo. Ka san sau nawa Farfesa ya ɓatar da babi na biyu? Sau uku. Na uku a bayan motarsa na tsinto shi, jikokinsa sun yi zane a kai. Ka san na zauna wata goma sha ɗaya ana yajin aiki, kuma aka lissafa min su a cikin shekaruna? Ka san kwamfutata ta ƙone da hirar mata goma sha shida, na koma asibiti ina bin su ɗaya bayan ɗaya kamar mai bara? Ƙannena biyu sun yi aure na yi musu wankin kwanuka. Duk taron da aka yi a danginmu, ni ce abin dariya. Yanzu saura taku ɗaya ka ce in koma baya in fara?"

"Ban ce wahalarki banza ba ce."

"Ka faɗa mana. Sa hannunka ya fi shekara bakwai ɗina daraja."

"Ba haka nake nufi ba."

"Idan kana sona ka sa hannu."

"Don Allah kada ki haɗa su."

"Na haɗa." Na miƙe, na ma manta ƙofa a buɗe take. "Ai miji ba wuya yake ba. Ko gobe na ce ina so, ga mai kemis can ya ƙosa. Digirin nan fa? Idan ya kuɓuce wa zai dawo min da shi?"

Tun maganar ba ta gama fita ba na so in kamo ta. Amma zuciya ta riga ta hau, kuma ni idan zuciyata ta hau ba na iya sauka a gaban mutum, halina ne tun ina yarinya.

Bai yi fushi ba. Da ya yi ma da ya fi min. Ya zauna yana kallon fom ɗin kamar yau ya fara ganinsa.

"Abin da kika zaɓa ke nan?" ya ce.

"Na zaɓi kada wahalata ta tafi a banza."

"To." Ya gyaɗa kai sau biyu. "Ranar Juma'a za ki samu sa hannun da kike so."

Na share fuska da gefen mayafi na fita. A barandar har wani sanyi na ji a raina, ina ce wa kaina na yi nasara, Asabar idan ya zo zan ba shi haƙuri.

*

Ranar Alhamis da yamma mai kemis ya zo. Gwaggo ce ta turo shi, ko tantama ba na yi.

Mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Matarsa ta rasu shekara biyar da suka wuce, yana da shago biyu da mota mai sanyi, kuma bai taɓa ɗaga min murya ba. Matsalarsa ɗaya, idan yana magana sai in ji kamar ana karanta min takardar cikin kwalin magani.

"Na ji an ce an kusa gamawa," ya ce.

"Da yardar Allah."

"Madalla. Ni dai ban san me ake yi da Jamusanci ba, amma idan satifiket ya fito zan sa a yi masa firam mai kyau. Mu rataye shi a babban shagon, bayan kanta. Mutane suna son su ga an rubuta Dakta a kemis."

"Ba irin wannan Daktan ba ne."

"Ai ba karantawa za su yi ba," ya ce, yana dariya har da buga gwiwa.

Na dube shi, na dubi ledar da ya sake kawowa, na ji wani baƙin ciki ya kama ni. Wannan ne mutumin da na ɗauka na jefi Agogo da shi. Yana tafiya na shiga ɗaki na rubuta saƙo: "Ka yi haƙuri da maganar jiya, ba har zuciyata ba." Na karanta, na goge. Na ce bari dai ya sa hannun tukuna, kada ya ga na yi laushi ya canza shawara.

Wannan wayon nawa, har in mutu ba zan yafe wa kaina shi ba.

*

Juma'a ƙarfe goma na shiga ofishin Sakatariya. Tun kafin in gaishe ta ta ɗago takarda tana kaɗawa.

"Ban gaya miki ba? Takwas da rabi ya kawo da kansa. An sa miki rana, sha huɗu ga watan jibi."

Na karɓa na duba. Ga sa hannunsa nan a ƙasan layi ukun, a miƙe, babu ko rawar biro. Na rungume Sakatariya har tabaranta ya karkace. Na fito baranda na kira shi, waya a kashe. Na leƙa ofishinsa, a kulle, yana aji har ƙarfe ɗaya. Na ce ba komai, bari in kai wa Umma labari, daga nan mu fara shirin yadda za a shawo kan Baba.

Na shiga gida da sallamata har da 'yar waƙa. Umma tana zaune a falo, abin da ba ta saba ba da rana, idanunta sun kumbura. Baba yana kujerarsa, babu jarida a hannunsa.

"An sa min rana," na ce. Muryata ta fara sanyi.

"Mun yi murna," Baba ya ce. "Zauna."

Na zauna a ƙasa.

"Bayan fitarki da safe yaron nan ya zo. Ƙarfe bakwai da kwata. Shi kaɗai."

"Ya zo nan?"

"Ya durƙusa a nan ya ce ya zo ya janye maganarsa. Ya ce daga yau babu batun aure tsakaninsa da ke, kuma yana so in zama shaida."

Na dubi Umma. Ta sa mayafi ta rufe baki.

"Na tambaye shi laifin me kika yi masa, ya ce babu, ke ce ma kike bin sa haƙuri. Na ce ya yi tunani, domin ni ba a fita gidana da magana a dawo da ita. Wanda ya ce ya fasa 'yata sau ɗaya, ba na sake ba shi. Ya ce ya san halina, shi ya sa ya zo wajena bai je wajen kowa ba."

"Baba, ba da gaske yake ba. Saboda fom ɗin ne. Idan na gama zai dawo."

"Na tambaye shi wannan ma. Na ce ko dabara ce kuka shirya, bayan wata uku a dawo? Ya ce da dabara ce da bai tako ƙafarsa ba." Sannan Baba ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa. "Na so yaron nan. Yau na fi son sa ma. Amma magana ta ƙare."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Umma tana kirana, ban waiwaya ba.

*

Ɗaya da minti biyar na iso barandar sashe, takalmina ɗaya ya tsinke ina jan sa. Yana tsaye yana buɗe ƙofar ofishinsa, alli duk ya ɓata masa hannun riga.

"Me ka yi?" na ce.

Ya juyo. Ya rame a kwana biyu kamar wanda ya tashi daga jinya.

"Kin ce in sa hannu. Na sa."

"Na ce ka sa hannu, ban ce ka je wajen Baba ba."

"Ba zan iya sa hannu a kan ƙarya ba, ke kuma ba za ki iya rasa digirinki ba. Na duba ta ko'ina, hanya ɗaya ce ta rage."

"Maganar mai kemis ce ta ɓata maka rai? Wallahi ba har zuciyata ba. Na rubuta maka saƙo ma, na..."

"Ban ga saƙo ba."

"Ban turo ba."

Ya gyaɗa kai kawai. Wasu ɗalibai suka zo wucewa suka gaishe mu, ya amsa musu kamar kullum. Na jira suka yi nisa, na matsa kusa da shi, hawaye yana zuba ban ko damu da sharewa ba.

"Mu je mu karɓo fom ɗin. Ka ce kuskure ka yi. Na yarda, zan sake rajistar, shekara uku ne ko biyar. Mu je wajen Baba tare."

"Fom ya wuce ofishin majalisa tun ƙarfe goma sha ɗaya. Baba kuma kin fi ni sanin sa."

"To layi na uku fa?" na ce. "Na farko gaskiya ne, na biyu ka mai da shi gaskiya. Na ukun fa? Dube ni ka ce babu abin da ya rage tsakaninmu."

Bai dube ni ba. Ya tsaya yana juya makulli a hannunsa.

"Wannan aikina ne," ya ce. "Ina da wata biyu in mai da shi gaskiya."

"Malam..."

"Malama," ya ce da ni, yadda yake kiran kowace mace a sashen, "doka ta hana mai jarrabawa ganawa da ɗaliba kafin ranar kariya. Idan akwai saƙo, ki ba Sakatariya."

Ya shiga ya rufe ƙofa, na ji ya murɗa makulli.

Ina nan tsaye da tsinkakken takalmi, na kasa gaba na kasa baya, sai ga Sakatariya ta fito da takarda da ƙusoshi za ta manna sanarwar ranata a allo. Malamai biyu na Faransanci suna biye da ita. Ta hango ni ta washe baki.

"Ku gan ta nan, baiwar Allah," ta ce musu. "Shekara bakwai ba wasa ba. Ku bar ta ta yi kukan murnarta."